Yadda za ka bi labarai ba tare da sun hana ka barci ba

Sana'ata albasa. Shekara 26 ke nan ina saye a Wurno, Goronyo da Gada, in zuba a rudu, wato ma'ajiyar albasa, lokacin da ta yi araha, in loda wa manyan motoci zuwa kudu in ta yi daraja. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce mini, kamar yadda wani likita ya taɓa cewa, "Alhaji, ka daina jin labarai kawai." Mai kaya a kan hanya ba ya daina jin labarai. In an tare hanya tsakanin Yawuri da Kwantagora, ni ya kamata in fara sani, don direba na kanta da buhunan da rabinsu ma ba nawa ba ne. In an rufe iyakar Illela, kamar yadda aka yi a Agustan 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, farashi kan juya kafin azahar. Labari a wurina kayan aiki ne, kamar igiya da buhu.

Amma akwai shekarar da ya kusa kwantar da ni, 2021. A Fabrairu rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan, inda mutanenmu da yawa ke sauke kaya. A Satumba aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu ta Sakkwato, har da Goronyo, inda mahaifiyata ke zaune a ƙauye. A Oktoba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo ranar Lahadi, mutum sama da 40 suka rasu, cikinsu har da waɗanda na sha ciniki da su. Allah ya jiƙansu da rahama. Ni kuwa ina Runjin Sambo, gida da katanga da ƙofar ƙarfe, ko ƙwarzane bai same ni ba. Amma ƙarfe biyun dare za ka iske ni bakin gado, hasken waya a fuskata, ina ta jan yatsa. Ƙirjina na bugawa kamar ana sussuka. Babur ya yi ƙara a layinmu, sai in ga na miƙe tsaye. Tuwo ya daina shiga. Ranar da na tsaya wani kemis aka gwada jinina, yaron ya sake gwadawa, ya ce in wuce asibiti yau, kada in bari sai gobe.

Da hanya ta ɗan lafa na je na ɗauko Inna ta yi mana wata guda a gari. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Kai, mi as same ka ka rame haka?" Na shiga jero mata, an yi kaza wuri kaza, an ɗauke mutum kaza. Ta bari har na gama. Sannan ta ce, "Mu da munka ji harbin da kunnuwanmu, sau guda munka ji shi. Kai kau, abin ga na aljihunka kullum shina harbinka."

Kada ka ɗauka Inna ba ta tsoro. Ta sha kwana cikin gero ita da jikokinta. Sai dai in gari ya waye lafiya, tana damun furarta, ta yi barcinta na rana. Ɗiyata ta biyu, wadda a lokacin take karatu a jami'ar Ɗanfodiyo, tana gefe tana jin mu, ta ce, "Baba, maganar nan ta Kaka har bincike an yi a kanta." A 2013 an tayar da bam wurin gasar gudun fanfalaki a Boston ta Amurka. Masu bincike suka bibiyi dubban mutane, suka tarar waɗanda suka riƙa kallon labarin awa 6 ko fiye kowace rana a makon da ya biyo baya sun fi shiga firgici a kan waɗanda abin ya faru a gabansu ko kusa da su. Na yi shiru. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba ta riga turawa faɗa.

Ga abin da na yi tun daga ranar. Wani ya yi aiki, wani bai yi ba, duk zan faɗa.

Fara da lissafi

Ɗan kasuwa ba ya maganin asarar da bai ƙirga ba. Wayoyin Android da yawa, su Tecno da Infinix da Samsung, suna da wani wuri cikin saiti mai suna Digital Wellbeing, wanda ke nuna awa nawa ka ɓata a kowace manhaja. Shiga ka duba naka yau, kafin ka ci gaba da karanta wannan. Nawa awa 7 ya nuna da 'yan mintuna, WhatsApp da Facebook sun cinye 5. Har rantsuwa na yi cewa wayar ta lalace.

Lissafi na biyu ya fi wannan muhimmanci. Ka ɗauki abu guda da ya faru, ka ƙirga sau nawa ya iso gare ka. Ni a bayan littafin bashi na yi nawa. An kai hari wani ƙauye a gabashin jihar nan, na riƙa jan layi duk lokacin da labarin ya zo mini: zauren 'yan albasa, zauren dangi, zauren tsofaffin ɗalibai, na masallacin unguwa, Facebook, saƙon murya, rediyo, majalisa, mai shayi. Cikin kwana uku layi 23 na ja. Adadin mamatan ma bai tsaya wuri guda ba, duk wanda ya karɓa sai ya shafa masa shuni kafin ya miƙa. Hari ɗaya ne, kuma ɗayan ma ya isa musiba. Amma zuciya ba ta iya lissafi ba, ita hari 23 ta rubuta.

Haka ƙwaƙwalwa take, abin da ya fi saurin faɗo mata shi take ɗauka ya fi yawa. Mu a kasuwa mun san wannan sarai. Baƙon mai saye in ya ga ruɓaɓɓiya guda a bakin buhu sai ya karya kuɗin buhun gaba ɗaya. Wanda ya san sana'a hannu yake zurawa har gindi, ko ya sa a zazzage. Waya kuwa ruɓaɓɓun kawai take tsince maka ta jera a sama. Mota arba'in za su tashi daga Sakkwato su sauka kasuwar Mile 12 ta Legas lafiya, babu mai ɗaukar bidiyonsu. Guda ɗaya ta faɗi, kafin la'asar ka gan ta ta fuska biyar.

Toshe ƙofofin da ba kai ka buɗe ba

Wannan aikin minti goma ne. A WhatsApp ka shiga saiti, wurin ajiya da data, ka kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. Daga nan bidiyo ba zai buɗe ba sai ka taɓa shi, kuma ɗan tsaikon nan na daƙiƙa biyu kan ishe ka ka tambayi kanka ko kana son gani. Ka kashe ƙarar duk wani zaure da ba na aikinka ba. Wanda za ka iya fita, ka fita. Yanzu in ka fita masu kula da zauren kaɗai ke gani, ba kamar da ba da ake shelanta wa kowa. Na dangi ba ya fituwa, na sani, sai a ce ka yanke zumunci. Shi ka yi masa shiru, ka leƙa sau ɗaya a rana don sanarwar suna da biki da rasuwa.

Facebook da TikTok halinsu daban. Na'urar da ke zaɓo maka abin kallo ba ta san da "innalillahi" kake kallo ba. Daƙiƙoƙin da ka tsaya kawai take ƙirgawa, ta ce wannan bawan Allah yana son irin wannan, ta ƙaro. To ka koya mata wani abin. Duk wanda ya taso na tashin hankali, ka danna ɗigo ukun nan na gefe a Facebook, ko ka danne bidiyon a TikTok, ka ce a ɓoye. Ka tsaya da gangan a kan abin da kake so ya yawaita. Ni na tsaya kan noman rani, tafsiri da kokawa. Bayan mako biyu shafina ya koma kamar na wani mutum daban.

A zauren 'yan albasa kuma doka muka kafa, bayan an sha musu: duk mai kawo labarin hanya sai ya faɗi wurin, da lokacin, da wanda ya gani da idonsa. Wanda ya karya sau biyu a cire shi na mako guda. Wani dattijo ya yi fushi ya ce an raina shi. Ya dawo da kansa, don zauren ne kaɗai yanzu in an ce hanya ba kyau direba ke yarda ya tsaya.

Ka yanka masa lokaci, kamar magani

Iyayenmu ma mayun labarai ne. BBC ta fara watsa shiri da Hausa tun 1957, Jamus ta biyo a 1963, ga Rediyon Kaduna, ga Rima. Mahaifina da rediyonsa yake zuwa gona a rataye. Amma shirin rediyo yana da sallama, yana da bankwana. In mai gabatarwa ya ce a huta lafiya, an gama, ka ɗauki fartanyarka ka koma kan kuyya. Ita waya ba ta bankwana. An gina ta ne ta yadda ƙasan shafin ba ya zuwa, don kuɗin masu ita yana cikin daɗewarka.

Saboda haka ni na koma tsarin mahaifina. Bayan Asuba ba na taɓa babbar waya sai na gama azkar na karya. Sannan in saurari shirin safe guda ɗaya a rediyo. Sannan in buga waya uku: wani a tasha, wakilina a kudu, da maƙwabcin Inna. Waɗannan ukun sun fi mini zaure goma, don kowannensu abin da ke gabansa yake faɗa mini, kuma in ya yi ƙarya na san ƙofar gidansa. Bayan La'asar in leƙa WhatsApp da Facebook na kwata guda. Da dare in ji shiri ɗaya in ina so. Daga Isha'i babbar waya ta koma kan firiji a falo, ƙarƙashin kulawar matata Hajiya, wadda ta karɓi wannan muƙami da murnar da har yau ban gane dalilinta ba.

Na san abin da za ka ce, don ni ma shi na ce: in wani abu ya faru da dare fa? Maganin wannan 'yar ƙaramar waya ce mai madannai da tocila, wadda yara ke kira rakani-kashi. Na sa mata layi daban, na ba mutum shida lambar: direbobi, wakilina, maƙwabcin Inna, da ƙanena. Ita ke kwana kusa da filona. Na lura duk abin da ya shafe ni da gaske kira yake zuwa, da muryar wanda na sani. Bai taɓa zuwa mini a bidiyon da aka tuttura ba.

Abin da bai yi aiki ba shi ne yanke labari gaba ɗaya. Na gwada na mako guda, abin ya ƙara muni, don zuciya in ba ta samu labari ba sai ta ƙirƙiro nata, kuma nata ya fi muni. Watannin da aka katse layi a ƙauyenmu sun riga sun nuna mini haka. Babu daren da ban binne Inna a raina ba.

Kafin ka yarda, kafin ka tura

Wata rana cikin Afrilu, ana tsakiyar zafin nan namu da ke sa kwalta ta yi laushi, aka turo mini bidiyon mutane na gudu, an rubuta "yanzu-yanzu a hanyar Goronyo". Gabana ya faɗi, har na fara neman lambar direba. Sai na sake kallo. A bayan masu gudun gero ne kore shar, ya kai kafaɗa. Gero a Afrilu, a ƙasar Sakkwato? Bidiyon ko dai na wata damina ce da ta wuce, ko na wata ƙasa.

Tun ranar na koyi kallon gefen hoto kafin tsakiyarsa. Duba ciyawa da sararin sama, ka ga ko sun dace da watan da ake ciki. Duba lambar mota, da kakin jami'an tsaro, da rubutun allon shaguna. In Faransanci ne, ka san ba nan ba ne. Kasa kunne ga Hausar masu magana, ai Basakkwace ba ya ɓoyuwa, Bakano ma haka. In hoto ne, manhajar Google Lens kan nuna maka inda ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa sai ka iske shekarunsa uku yana yawo ana canza masa gari. Alamar kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp na nufin ya ratsa hannaye da yawa kafin ya zo gare ka. Kamfanin da kansa ya gaji da abin: a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 ya mayar da irin waɗannan masu kibiya biyu zuwa wuri ɗaya.

Saƙon murya ya fi kowanne haɗari, don murya na shiga rai. In ka ji an fara da "wani soja ne ya gaya wa ƙanen abokina", ko an rufe da "don girman Allah ka tura wa duk wanda ka sani", ka riƙe yatsanka. Ba daga sama nake magana ba. A Agustan 2014, lokacin Ebola, ni ne nan na tashi iyalina kafin Asuba muka yi wanka da ruwan gishiri, saboda wani ya kira ni yana haki. Mu wanka kawai muka yi. Wasu a ƙasar nan sha suka yi, aka kwantar da su asibiti, har aka rasa rai. Dokin mai baki ya fi gudu, in ji mutanen da. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun auna gudun nasa a Twitter a 2018, suka tarar labarin gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500.

Limamin unguwarmu ya taɓa karanta mana aya ta 83 a Suratun Nisa'i, wadda ke zargin mutanen da in wani al'amari na aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, maimakon su mayar da shi ga waɗanda za su iya tantancewa. Ya rufe littafi ya dube mu ya ce, "Ku kuka san wa ake nufi." Kowa ya sunkuyar da kai yana lalubar aljihu.

Gawa

Wannan ba shi da sassauci a wurina. Kada ka kalli bidiyon gawa, kada ka tura. Mamaci sutura yake buƙata, kuma ɗan wani ne, mijin wata ne, kada uwarsa ta fara ganinsa a wayar maƙwabta. Sanin cewa an kashe mutum goma ya ishe ka yin addu'a da ta'aziyya da duk abin da za ka iya. Ganin yadda aka kashe su ba ya ƙara maka komai sai hoton da zai riƙa dawo maka cikin sallah. Ka kuma tuna 'yan bindigar nan da kansu suke ɗaukar bidiyo da makamai suna sakawa a TikTok. Tsoro jarinsu ne, da shi suke karɓar kuɗi hannun ƙauyuka ba tare da sun harba harsashi ba. Duk wanda ya tura, dako ya yi musu kyauta, da datarsa.

Ka kula da yara ma. Wayarka da ka ba ɗan shekara bakwai ya yi wasa, duk abin da ya sauka cikinta yana nan a ma'ajiyar hotuna.

"Ƙasar ga ta ƙare"

Majalisarmu ƙofar gidan wani tsohon hedimasta take, tsakanin Magariba da Isha'i. A da in an zauna kamar gasa ake. Wannan ya kawo mugun labari, wancan ya ce ai naka wasa ne, ji nawa. Daga ƙarshe wani ya ja dogon numfashi ya ce, "Ƙasar ga ta ƙare," kowa ya amsa da "wallahi", a kaɗe riga a tafi masallaci.

Ba zan ce maka ƙarya suke yi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Farkon 2023 mun wuni a layi muna roƙon kuɗinmu na kanmu saboda canjin naira. Hanyar Isa da Sabon Birni da muke bi da tsakar dare muna samari, yau da rana tsaka ma sai da addu'a. Ga 'yan bindigar Lakurawa ta wajen Tangaza da Gudu. Duk wanda ya ce maka waya ce kawai ke zana maka wannan, raina maka hankali yake yi.

Abin da na ƙi shi ne dunƙulen. "Ta ƙare" magana ce da ba ta da bakin kamawa, ba ka iya yin komai da ita sai tagumi. Yanzu in wani ya faɗa, sai in ce, "Wane gefe, Malam? Tun yaushe?" In ya ce tsaro, mu yi maganar tsaro, wace hanya, wane ƙauye, me sarkin yankin ya ce, wa za a kai wa kuka. In ya ce komai da komai, sai in tambaye shi yaushe rabonsa da ganin mai kurkunu.

Ina yaro a ƙauye, babu daminar da kurkunu ba ya kwantar da magidanta, daidai lokacin da gona ke buƙatarsu. Ka ga babban mutum zaune da kumburarriyar ƙafa, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, makonni kafin ta fita. A ƙidayar 1988 an samu masu shi sama da 650,000 a Najeriya. Janar Gowon ya bi ƙauyuka kan maganar, aka raba matatan ruwa, aka haƙa rijiyoyi, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ya ƙare a ƙasar nan. 'Ya'yana ko sunansa ba su sani ba. Shan inna da ya bar mana guragu a kowace unguwa, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'insa na asali. Sanƙarau na 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a arewa, kuma wannan cikin "zamanin daɗi" ne da muke kewa. Kafin wayar hannu ta zo a 2001, sai direba ya dawo daga Ibadan nake sanin ko na ci riba ko na karye. Babu ranar da aka taɓa buɗe labarai da cewa yau ma kurkunu bai kama kowa ba. Abin da ke gyaruwa a hankali ba shi da ranar shela, shi ya sa ba ya shiga lissafin majalisa.

Ɗiyar tawa ta sake kawo wani binciken na 2023, wanda ya tattara amsoshin mutane daga ƙasashe 60, wasu tun shekara 70 baya. Kusan ko'ina, kusan kowane lokaci, mutane cewa suke halin kirki ya ragu a kan na da. Da na faɗa a majalisa, hedimasta ya yi dariya ya ce ba sai an je Amurka ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, wajen 1807 ana tsakiyar jihadi, ya ga mutane sun karkata ga mulki da dukiya, ransa ya ɓaci har ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar. A Kano aka roƙe shi ya tsaya ya karantar, daga baya ya dawo. "Zamanin da muke zuwa Hubbare muna kewa ke nan," in ji hedimasta, "ga abin da wanda ya rayu cikinsa ya gani." Ya ƙara da hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa in mutum ya ce mutane sun halaka, to shi ne mafi halaka cikinsu. Mai "ta ƙare" na majalisarmu ya ce shi fa ba haka yake nufi ba.

Kuma yanke ƙauna na da tsada, da naira ake biyanta. A shekarar da nake ba ka labari, tsoro ya sa na kwashe abin da ke rudu na sayar da wuri, don a raina ƙasar ba za ta kai ƙarshen shekara ba. Waɗanda suka yi haƙuri su suka ci kasuwar. Na ga yaro ya bar makaranta yana cewa mi za a yi da takarda a ƙasar da ta mutu. Na ga magidanta sun ƙi zuwa karɓar katin zaɓe, sannan su fi kowa zagin wanda aka zaɓa.

Ka ba damuwar aiki

Damuwar da ba ta da aikin yi jikin mai ita take ci. Da na rage kallon bidiyo, kuɗin data ya ragu fiye da rabi. Abin da ya saura Hajiya ke auna gero da shi duk Juma'a, a kai wa wasu iyalai da suka gudo daga gabas suna zaune a wani kango bayan layinmu. Bai kori ɗan bindiga ko ɗaya ba. Amma yanzu in na ji labarin hari, akwai inda ƙafata ke zuwa.

In kuwa ka kai inda na kai, barci ya ƙaurace maka fiye da mako biyu, gabanka na faɗuwa ba dalili, kana yi wa iyali tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, to ka je a gwada jininka, ka kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ke hana ka barci. Hawan jini ba ya sallama. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, ni duka biyun nake yi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma ba sai wanda ya yi tsirara a titi ke zuwa ba. Masu rashin barci da fargaba ma ana duba su. Mu ne muka mayar da sunan garin abin zolaya.

Ita rakani-kashi, sau uku ta yi ƙara da dare a shekarar da ta wuce. Na farko direba ne, taya biyu sun fashe masa kusa da Kwantagora, yana son kuɗi. Na biyu maƙwabcin Inna ne, wajen ƙarfe ɗaya: an ga baƙin babura, mutane sun fice, Inna na cikin garin Goronyo gidan ƙanwarta, lafiya lau, in zo da safe. Na yi alwala na yi nafila, na kwanta, da gari ya waye na tafi. Na ukun wani bawan Allah ne ya yi kuskuren lamba, yana neman mai gyaran janareto.